Ciwon Matsewar Jijiyar Wuyan Hannu da Yadda A Ke Motsa Hannu Ya Warke

Akwai wani ciwo da ya ke damun mutane da yawa, tun ba mata ba, amma kaɗan ne suka san abin da ke kawo shi. Mutum ya kwanta lafiya lau, can tsakar dare sai ya farka ya ji yatsunsa sun mutu kamar ba nasa ba, ko kuwa ya ji kamar ana tsikarinsu da allura. Sai ya tashi ya yi ta yarfa hannu har abin ya lafa, ya koma barci. Gobe ma haka. Bayan 'yan watanni sai ya ga allura tana suɓuce masa, ɓalla maɓallin riga ya zama aiki, kofin shayi ya faɗi daga hannunsa bai sani ba. Waɗansu su ce sanyi ne, waɗansu su ce iska ce, waɗansu ma har su zargi maƙwabta da jifa. Alhali kuwa ba ko ɗaya. Jijiya ce guda ɗaya tak ta matsu a wuyan hannu, kuma in an tari abin da wuri yana da magani.

Yadda wuyan hannu ya ke

A wuyan hannun kowane mutum akwai ƙananan ƙasusuwa guda 8, jere sahu biyu. Sun ɗan lanƙwashe sun yi kwari, sa'an nan wani ɗauri mai kauri, mai tauri kamar jemammiyar fata, ya rufe su ta wajen tafin hannu. Haka ya sa wurin ya zama kamar kwalbati a ƙarƙashin titi, faɗinsa misalin inci ɗaya. Likitoci suna kiran wannan kwalbati kafal tanel, kuma da sunansa su ke kiran ciwon.

Kalmar jijiya a Hausa ta haɗa abu uku, ya kamata a rarrabe su. Akwai jijiyar jini. Akwai agara, watau farar igiyar nan mai tauri wadda ta haɗa tsoka da ƙashi, kowane mahauci ya san ta. Akwai kuma jijiyar saƙo, wadda ta taso daga laka tana kai labari tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, kamar wayar tarho. To, abu goma ne su ke ratsawa ta cikin kwalbatin nan: agara 9 masu lanƙwasa yatsu, da jijiyar saƙo guda ɗaya. Ita wannan jijiya ita ke ba da ji ga babban yatsa, da manuni, da na tsakiya, da rabin yatsan zobe. Har wa yau ita ke motsa tudun tsokar nan da ke gindin babban yatsa.

Ƙashi ba ya buɗawa, ɗaurin nan kuma ba ya talewa. Sabo da haka in rigar agara ta kumbura, ko ruwa ya taru a wurin, ba inda abin zai nufa sai kan jijiya, domin ita ce mafi taushi. In ta matsu jinin da ke ciyar da ita ya kan ragu, daga nan sai mutuwar yatsu. A shekarar 1981 wani likita a Amurka mai suna Gelberman da abokan aikinsa suka zura siririn bututu cikin kwalbatin suka auna, da irin lissafin da a ke auna hawan jini. Ga masu lafiya suka sami 2.5, ga masu ciwon kuwa 32. Da masu ciwon suka lanƙwasa wuyan hannu gaba ko baya, sai awon ya zarce 90. Wannan shi ne dalilin da ya sa ciwon ya fi tashi da dare, domin mai barci ya kan naɗe hannu ya tusa ƙarƙashin kai ko matashi, ya kwana a haka.

Ciwon ba sabo ba ne. Tun a 1854 wani likitan Ingila, Sir James Paget, ya ba da labarin matsewar wannan jijiya bayan karayar wuyan hannu. Amma sai daga 1950 zuwa gaba ne Dokta George Phalen na birnin Kilibilan a Amurka ya nuna wa likitoci yawansa da yadda a ke gane shi.

Waɗanda ya fi kamawa

Mata sun fi maza kamuwa, misalin ninki uku, kuma ya fi yawa tsakanin shekara 40 da 60. Mai ciki ta kan same shi a watannin ƙarshe sa'ad da jiki ya ke tara ruwa, galibi kuwa ya kan tafi da kansa bayan haihuwa. Ciwon sukari, da ƙiba, da amosanin gaɓɓai, da raunin halittar nan ta maƙogwaro wadda ke kumbura ta zama maƙoƙo, da tsohuwar karaya, duk suna jawo shi. Sai kuma sana'a. Aikin da a ke damƙe abu da ƙarfi ana maimaitawa yini guda, ko a ke riƙe abu mai karkarwa, shi ne ya fi ɓarna: daka, da matse wanki, da tatsar nono, da fawa, da dukanci, da ƙira, da riƙon injin yankan katako, da tuƙin babur a hanya mai gargada. Mutane da yawa sun ɗora laifin a kan buga kwamfuta, amma bincike bai tabbatar da laifinta kamar yadda ya tabbatar da na aikin ƙarfi ba.

Ba kowace mutuwar yatsu ce wannan ciwo ba, kuma a nan ne a ke yawan kuskure. Ƙaramin yatsa ba ruwansa da wannan jijiya, wata dabam ce ke kula da shi. In shi ne ya mutu, sai a nemi dalili a wani wuri, watakila a gwiwar hannu ko a wuya. In kuwa akwai wani tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi, lalle ne a je a duba ko kuturta ce, domin ita ma tana cin jijiya, maganinta kuwa kyauta ne, yana kuma warkarwa sarai. Likita ya kan sa mutum ya saki wuyan hannu ya lanƙwashe na minti ɗaya ya ga ko yatsu za su mutu. Ya kan kuma ƙwanƙwasa kan jijiyar ya ji ko za ta ba da wani zirr kamar an taɓa minjirya. A manyan asibitoci akwai na'urar da ke auna saurin tafiyar saƙo cikin jijiyar, ita ce ke nuna ko ciwon ya yi nisa.

Matakin farko: a rage matsin

Kafin a yi zancen ƙarfafa hannu, sai an fara sauke wa jijiya nauyi. Abu na farko shi ne karan ɗori irin na asibiti, wanda a ke ɗaura wa wuyan hannu da dare don ya kwana a miƙe, bai karkata gaba ko baya ba. A kan gwada shi mako huɗu zuwa shida kafin a yanke hukunci. Kada a ɗaure shi tamau, kada kuma a yini da shi ba dalili, domin gaɓar da ba ta motsi ta kan sandare. Wanda sana'arsa ce ta jawo masa, sai ya riƙa yanka aikin gunduwa-gunduwa yana hutawa, ya naɗa tsumma a ƙotar kayan aikinsa don ta yi kauri, riƙon ya yi sauƙi. In mai ciwon sukari ne, gyaran sukarin yana cikin maganin.

Akwai allurar da likita ya kan yi a wurin don kumburi ya saɓe. Tana ba da sauƙi na makonni ko watanni, ko da ya ke sau da yawa ciwon ya kan dawo. Wannan allura ba ta mai kemis ba ce, domin tsininta in ya kauce ya shiga jijiyar, ɓarnar ta fi ciwon. Haka nan tsaga da sakiya da ƙaho a wuyan hannu. Jijiyar tana kusa da fata ƙwarai, aska kuwa ba ta san ta ba.

Motsin zamiya

A asibiti akwai sashen da jama'a su ke kira sashen gashi, ko gashin ƙashi. Sunan ya kan sa a zaci aikinsu gasa jiki da fitila ne kurum, alhali mafi yawan aikinsu koyar da motsi ne. Motsin da su ke fara koya wa mai wannan ciwo shi ne na sa agara ta riƙa zamewa cikin rigarta, kamar yadda mazagi ya ke zamewa cikin ƙugun wando, don kada ta manne, don kuma ruwan kumburi ya watse. Waɗansu likitocin hannu biyu a Amurka, Wehbe da Hunter, su ne suka tsara shi a 1985.

Ga yadda a ke yi. A ɗaga hannu a miƙe yatsu tsaye, wuyan hannu a miƙe. A lanƙwasa gaɓoɓi biyu na ƙarshen yatsu su yi kamar ƙugiya, a ƙirga biyar, a sake miƙewa. Sa'an nan a dunƙule hannu a hankali ba tare da matsewa ba, a miƙe. Sa'an nan a karya yatsu daga gindinsu kawai, sauran gaɓoɓin a miƙe, hannu ya yi kamar tebur. Na ƙarshe, daga nan a sauko da kan yatsu su taɓa gindin tafi, gaɓar ƙarshe tana miƙe. A zagaya wannan sau biyar zuwa goma, safe da rana da dare. Wanda ya ke mantuwa sai ya haɗa shi da lokacin cin abinci.

Ita ma jijiyar saƙo tana zamewa gaba da baya in hannu ya motsa, kuma akwai nata motsin, mai hawa shida. A fara da dunƙulallen hannu. A buɗe yatsu, babban yatsa yana manne da manuni. A tanƙwara wuyan hannu baya kaɗan. A ware babban yatsa gefe. A juya tafi ya dubi sama. Daga ƙarshe a sa ɗaya hannun a ɗan ja babban yatsan, ja mai sauƙi. Ba dole ba ne a kai hawa na shida ran farko. Duk inda aka ji yatsu sun fara tsikari, nan ne iyakar ranar, sai a koma baya. Jijiya ba tsoka ba ce da za a ce in ta sha wuya za ta ƙara ƙarfi. In aka ja ta da ƙarfi fushi ta ke yi, mutum ya kwana bai runtsa ba.

Ya kamata a faɗi gaskiyar iyakar wannan motsi. A 2012 masana na ƙungiyar Cochrane suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kansa, suka ce hujjar amfaninsa kaɗan ce, mai rauni kuma. Amma a 2015 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Madrid ta ƙasar Sifen a kan mata 120, rabi aka yi musu tiyata, rabi kuwa aka yi musu tausa da motsi a hannun gwanayen gashi, tun daga wuya har zuwa yatsu. A watannin farko 'yan gashi sun fi samun sauƙi, bayan shekara guda kuwa aka tarar duk sun yi kusan daidai. Abin da za a ɗauka shi ne, motsi yana taimakon wanda ciwonsa bai yi nisa ba, ba ya cin kuɗi, ba shi da haɗari in an bi a hankali, amma ba ya faɗaɗa kwalbatin.

Motsin ƙarfafawa

Nan ne mutane su ke yi wa kansu illa da kyakkyawar niyya. Mutum ya ga hannunsa ya yi rauni, sai ya sayo ƙwallon roba ko abin matsawa mai sifirin, ya yini yana damƙa. Bayan mako guda ciwon ya ninka. Dalili kuwa, akwai waɗansu 'yan tsokoki a tafin hannu waɗanda su ke manne da agara. In aka dunƙule hannu da ƙarfi, agara ta kan jawo su cikin kwalbatin, wurin da dama ba shi da sarari. Raunin da mai ciwon ya ke ji kuma ba na rashin aiki ba ne, saƙo ne ba ya isa. Sabo da haka ba a fara motsin ƙarfafawa sai tsikarin dare ya kwanta, ko kuwa bayan tiyata in likita ya ba da izini.

In lokacin ya yi, a kan fara da turi marar motsi. A ɗora hannu a kan tebur, a sa ɗaya hannun a danne bayansa, a yi ƙoƙarin ɗagawa ba tare da ya ɗagu ba, a ƙirga biyar, a saki. Bayan 'yan kwanaki sai a koma matsa soso mai taushi cikin ruwan ɗumi, daga nan a hau zuwa ƙullun fulawa ko yumɓu. A asibiti su kan ba da wani irin danƙo mai launi dabam-dabam, kowane launi da taurinsa, amma ƙullu ma yana yi. A sami robar ɗaure kuɗi a zagaya ta a kan yatsu biyar a riƙa buɗe su, domin tsokar buɗewa ita ma tana bukatar rabonta. Babban yatsa kuwa, shi da ya fi shan wahala, a riƙa kai shi yana taɓa kan kowane yatsa bi da bi, sa'an nan a riƙa mintsinin ƙullu da shi.

Sai wuyan hannu da damtse. A ɗora damtse a gefen tebur, hannu yana reto, a riƙe robar ruwa mai rabin lita, watau nauyin rabin kilo. A ɗaga a sauke a hankali sau goma, tafi yana duban sama, a juya tafi ƙasa a sake goma, ba tare da an kai gaɓar maƙura ba. A riƙe ƙaramar guduma a tsaye a riƙa kwantar da ita dama da hagu. A yi zagaye biyu ko uku, yau a yi gobe a huta, domin a ranar hutu ne tsoka ta ke ginuwa. Ba a ƙara nauyi sai an yi mako guda ana gamawa ba wahala, in za a ƙara kuma kaɗan-kaɗan. Gwanayen gashi su kan haɗa da motsin kafaɗa da wuya, tun da daga can jijiyar ta taso, kuma mai raunin kafaɗa ya kan ɗora wa wuyan hannu aikin da ba nasa ba.

Gajiyar tsoka ba laifi ba ce. Amma in mutuwar yatsu ta dawo, ko zafin ya kwana ya wuni, to an wuce gona da iri. A huta kwana biyu, a koma matakin baya.

In abin ya kai ga tiyata

Akwai alamu biyu da ba a jira da su. Ɗaya, mutuwar yatsu ta daina zuwa tana tafiya, ta zauna dare da rana. Biyu, tudun gindin babban yatsa ya fara lotsawa, in an gwada shi da na ɗaya hannun a ga ya rame. Waɗannan suna nuna jijiya ta fara lalacewa, ba motsin da zai cece ta sai an buɗe mata hanya. Wanda ya tsaya yana gwada magunguna har shekara ta zagayo, yana iya rasa jin yatsunsa har abada, ko da an yi aikin daga baya. Ga maɗinki ko magini, wannan rasa abinci ne.

Aikin kansa ƙarami ne. A kan kashe wurin da allura, a tsaga ɗaurin nan da ya rufe kwalbatin, mutum ya koma gida ran nan. Ana yinsa a asibitocin koyarwa da na ƙashi, irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitin koyarwa na Shika kusa da Zariya. Tsikarin dare ya kan tafi da wuri, sau da yawa cikin 'yan kwanaki. Jin yatsu kuwa ya kan daɗe, domin jijiyar da ta lalace tohowa ta ke yi misalin inci ɗaya a wata.

Tun ranar aikin a ke fara motsa yatsu, ana kuma ɗaga hannu sama da ƙirji don kada ya kumbura. A kan cire zare tsakanin kwana 10 da 14. In miki ya rufe sarai, sai a riƙa murza tabon da man kaɗe ko basilin, minti biyar sau biyu ko uku a rana, don kada ya manne da abin da ke ƙarƙashinsa. In tabon yana tsargawa da an taɓa, a riƙa shafa shi da auduga, daga baya da tsumma mai kaushi, sa'an nan a riƙa cusa hannu cikin kwanon gero ko shinkafa ana juyawa, har fata ta saba. Waɗansu su kan ji zafi a gefe biyu na tabon in sun dafa ƙasa za su tashi. Wannan ya kan ɗauki watanni, amma yana wucewa.

Kada mutum ya firgita in ya ga hannunsa ya fi dā rauni bayan aiki. Haka abin ya ke. Wani awo da aka buga a Amurka a 1989 ya nuna cewa mako uku bayan tiyata ƙarfin damƙa bai kai sulusin na dā ba, a mako shida ya kai kusan kashi uku cikin huɗu, a wata uku ya dawo yadda ya ke, a wata shida kuwa ya zarce. Motsin ƙarfafawa a kan fara shi ne wajen mako huɗu zuwa shida, bisa ga yadda likita ya ga mikin. Da yawa su kan warke da motsin gida kaɗai. Waɗanda su ke bukatar komawa sashen gashi su ne waɗanda yatsunsu suka sandare, ko kumburi ya ƙi saɓewa, ko masu aikin ƙarfi da za su koma bakin sana'a.

Mai aikin ofis ya kan iya komawa bayan mako biyu ko uku. Maƙeri da mahauci da mai daka kuwa sai su ba hannun mako shida zuwa goma sha biyu, in sun koma kuma su fara da rabin yini. Uwargida da aka yi wa aiki tana bukatar wanda zai karɓe ta daka da wanki da jan guga na wannan lokaci, kuma ya fi kyau maigida ya shirya wannan tun kafin ranar tiyata. In aka ga mikin ya yi ja, yana zafi, yana fid da ruwa, ko zazzaɓi ya zo, a koma asibiti ran nan, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.